Farauta da Karnuka a Yankin Nguru da Gashuwa

Farauta ita ce babbar hanyar da mutum da kare ke fita daji tare a arewacin Jihar Yobe, musamman a yankin da ke tsakanin Nguru da Gashuwa. Ga wasu sana'a ce, ga mafi yawan samarin da ke yin ta kuwa wasa ce da motsa jiki da gwada jarunta, kuma tana da lokacinta da shugabanninta da ƙa'idojinta. A Turai da Amurka akan fita da kare shan iska ko tsere ko iyo don nishaɗi kawai. A wannan yanki al'ada da addini sun fi amincewa da karen da ke da aiki, wato na farauta da na kiwo da na gadin gona. Sai dai farautar ta shiga wani hali na ƙunci a 'yan shekarun nan: naman daji ya ragu, gonaki sun cinye fili, doka ta killace wani sashe na dajin, ga kuma ciwon haukan kare da ke bin duk inda karnuka ke cuɗanya ba tare da rigakafi ba.

Ƙasar da lokacin fita

Nguru da Gashuwa suna kan layi ɗaya daga yamma zuwa gabas, tsakaninsu kilomita 60 da 'yan kai, garin Jajimaji na Ƙaramar Hukumar Karasuwa yana kan hanyar. Gashuwa ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bade kuma mazaunin Mai Bade. Nguru kuwa ta bunƙasa ne bayan da layin dogo daga Kano ya iso ta a 1930, abin da ya jawo mata fatake da baƙi daga ƙasar Hausa. Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani ke zaune a yankin, kuma Hausa ce harshen kasuwa.

Abin da ya bambanta wannan wuri da sauran arewacin Nijeriya shi ne daji iri biyu da ke maƙwabtaka da juna. Kudu da hanyar akwai fadamun Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke rarrabuwa su malale kafin su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Arewa da hanyar kuwa jigawa ce mai rairayi da goruba da aduwa da ƙaya, wadda ke miƙewa ta Machina da Yusufari har iyakar Jamhuriyar Nijar. Kowane daji da irin namansa da irin gudun da yake buƙata daga kare. A jigawa ido ke aiki, domin fili a buɗe yake, kare na hango zomo ya bi shi. A gefen fadama hanci ya fi amfani, saboda ciyawa da kaba suna ɓoye gafiya da guza da tunku.

Ruwa ne ke yanke lokacin fita. Damina gajeruwa ce a nan, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma a lokacin babu mai sakin karnuka cikin shuka, balle ma kowa yana bakin aikin gona. Ambaliyar fadama kan kai ƙololuwa a ƙarshen damina, sannan ta riƙa janyewa sannu a hankali. Sai an kawar da gero da dawa da wake, an ɗaure kara, sannan daji ke buɗewa. Daga nan har zuwa faɗuwar ruwan farko shi ne lokacin farauta, kuma mafi daɗinsa shi ne watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da kare ke iya wuni yana gudu ba tare da zafi ya karya shi ba. Wannan hutu na damina, ko da ba don haka aka tsara shi ba, shi ne ke bai wa namun daji damar hayayyafa cikin duhun ciyawa.

Karen farauta

Karen da ake farauta da shi a yankin ɗan ƙasa ne: siriri, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki da gajeren gashi, galibi ja ko fari-fari ko mai rodi-rodi. Ƙirarsa ta yi kama da ta karen Azawak, wanda Abzinawa ke kiwo a kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, da kuma ta karen Sulugi na arewacin Afirka, duk da cewa ba a ajiye masa tarihin asali a rubuce kamar yadda masu kiwon waɗancan ke yi a Turai. Ƙarninka na zama cikin zafi da ƙarancin abinci sun tace shi. Karnukan waje masu yawan gashi da nauyin jiki, irin waɗanda ake ajiyewa don gadi a Kano da Kaduna da Abuja, ba sa jure abin da yake jurewa, kuma kai su dajin Yusufari a watan Afrilu zalunci ne.

Horonsa ba ya da makaranta. Ɗan kwikwiyo kan fara da sabawa da muryar mai shi da fitonsa da sunan da aka raɗa masa, irin su Duna ko Zaki ko Damisa, ko wani suna na habaici da mai shi ke aika saƙo da shi ga abokan hamayya. Idan ya tasa sai a haɗa shi da manyan karnuka ya riƙa bin su, ya ga yadda ake tayar da nama da yadda ake tare shi. Abu mafi wuya a koya masa shi ne haƙuri: ya kama ya riƙe har mai shi ya iso, kada ya yayyaga, kada kuma ya gudu da abin da ya kama. Ladansa kayan ciki ne da ƙashi. A gida kuwa abincinsa ragowar tuwo ne da ƙanzo da dusa da aka dama, wani lokaci da tsala. Gogaggun 'yan farauta ba sa cika wa kare ciki da safiyar ranar fita, kuma likitocin dabbobi sun yarda da wannan, domin gudu mai tsanani a kan cikakken ciki yana da haɗari ga kare mai zurfin ƙirji.

Yadda ake fita

Ya kamata a rarrabe ɗan farauta da maharbi, domin mutane kan haɗa su. Maharbi yakan fita shi kaɗai ko su biyu, da baka ko bindigar toka, yana sanɗa, wani lokaci da kan burtu ɗaure a goshinsa don ya yaudari nama ya matso kusa. Shiru ne jarinsa, kare ma kan ɓata masa aiki. Farauta kuwa taro ce da hayaniya. Akan sanar da rana da dajin da za a shiga, a taru da kiɗa da kirari, kowa da karnukansa a igiya da gora ko kulki ko ƙere ko barandami. Ƙeren nan, sanda mai lanƙwasa da ake jifa da ita, shi ne wanda karin magana ke cewa yana yawo zabo na yawo, wata rana za a gamu. A garuruwan Hausa shugaban masu wannan harka Sarkin Baka ne ko Sarkin Dawa, kuma da saninsa da na mai gari ake shiga dajin wani gari.

Akwai farautar wuni, wadda ake fita da hantsi a dawo da yamma, akwai kuma ta kwana, inda ake ɗaukar guzuri a yi kwanaki a daji. A da da ƙafa ake zuwa, yanzu akan cika mota da mutane da karnuka a sauke su a bakin daji. Idan an isa sai a jeru a yi sahu mai faɗi, a riƙa dukan ciyawa da ƙaya ana ihu. Da zarar zomo ya tashi sai a saki karnuka.

Wannan gudun shi ne zuciyar wasan, kuma yakan ƙare cikin minti ɗaya ko biyu. Zomon daji na iya haura kilomita 50 a awa, amma ba saurin ne ke cetonsa ba, iya kwana ne: yakan bari kare ya matso, sai ya karya kwana farat ɗaya, karen ya zarce. Shi ya sa karnuka biyu ko uku da suka saba da juna suka fi guda ɗaya mai sauri, domin ɗaya na kora ɗaya na tarewa. Sau da yawa zomo ke tsira, kuma masu kallo ba sa ganin hakan a matsayin asara, tunda an ga gudu. Ban da zomo, akan samu kurege da gafiya da bushiya da damo da guza da zabin daji da fakara, jefi-jefi kuma dila ko gada.

Inda farauta ke ɓaci shi ne wajen mallakar nama. Bisa ƙa'ida naman na wanda karensa ya fara kamawa ne, ko wanda jifansa ya fara samu. A aikace mai ƙarfi kan ƙwace daga hannun mai rauni, kuma idan ƙungiyoyin unguwanni biyu masu tsohuwar gaba suka haɗu a kan zomo ɗaya, makaman da aka ɗauko don nama kan koma kan mutane. Wannan ne ya shafa wa farauta baƙin jini a Kano da wasu manyan garuruwa, inda aka danganta ta da daba, har hukumomi kan hana ta ko su gindaya mata sharuɗɗa. Fitar da ke da dattijo mai faɗa a ji a gaba ba kasafai take kai wa ga haka ba.

Ba farauta kaɗai ke fitar da kare daji ba, ko da yake sauran ba su kai ta armashi ba. Karen Fulani kan yi tafiyar kilomitoci tare da garke zuwa makiyayar rani a fadama, yana faɗakar da ruga idan dila ko baƙo ya matso da dare. Masu noman rani kan ajiye kare a gona don korar birai. Yara kuma kan shiga kududdufi da karnukansu idan ruwa ya fara janyewa.

Matsayin addini

Musulunci bai hana farauta da kare ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo wa masu su, tare da ambaton sunan Allah, kuma hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi bayanin sharuɗɗan. A taƙaice, dole karen ya zama horarre, mai tafiya idan an tura shi. Mafaraucin ne zai sake shi da niyya, ya yi bisimilla yayin sakin. Idan ya tarar da naman da sauran rai, wajibi ne ya yanka shi. Idan kuma ya tarar da wani karen da ba shi ya tura ba a kan mushen, bai san wanne ya kashe ba, to ba zai ci ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da nauyi a farautar taro, inda karnuka goma kan rufar wa zomo ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa ɗan farauta ke rugawa da wuƙa a hannu don ya riski naman da rai. Malamai sun saɓa a kan naman da kare ya ci wani abu daga jikinsa: Malikiyya sun halatta, Hanafiyya da Shafi'iyya ba su halatta ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mafi yawan Musulmin yankin, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai don bin umarni. Hadisai sun kuma yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da gona. Amma akwai wata gaɓa da samari ba su cika son a tuna musu ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a duk faɗin Arewa, ya bayyana farauta don wasa kawai a matsayin makaruhi, ya halatta wadda ba don wasa ba. Ke nan kashe abin da ba za a ci ba, ko barin karnuka su yayyaga dila don kallo, ba shi da madogara a fiƙihun da mutanen yankin ke bi.

Doka da raguwar nama

Wani sashe na fadamun yana ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991 da sassa uku: Chingurmi-Duguma a Jihar Borno, sai fadamun Bade da Nguru da kuma dausayin Bulatura na Yusufari a Jihar Yobe. A cikin sashen Bade ne mafakar tsuntsaye ta Dagona take, wadda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. Daga wajen Oktoba zuwa Maris dubban agwagin ruwa da sauran tsuntsaye kan tsallako Sahara daga Turai su sauka a nan, su tarar da ɗinya da kirinjijiya da ke zaune a wurin. An sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma a jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, su ne na farko a Nijeriya, Dagona ta biyo baya a 2008. Dokar gandayen dajin ƙasa ta 1999 ta haramta farauta da ɗaukar makami da cinna wuta a cikin gandu, haka ma shigar da dabbar gida ba da izini ba. Kare ba ya sanin iyaka, saboda haka alhakin yana kan mai shi. Abin lura shi ne lokacin zuwan tsuntsayen ya yi daidai da lokacin farauta, kuma ko da kare bai kama ko ɗaya ba, yawan tayar da su yana cinye ƙarfin da suke tarawa don komawa.

A wajen gandu ma akwai dokar namun daji ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1963 da jihohi suka gada, da dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Bindigar toka ita ma tana buƙatar lasisi daga 'yan sanda.

Ba daidai ba ne a ɗora wa 'yan farauta laifin raguwar nama su kaɗai. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya kashe itatuwa da makiyaya. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992, dukansu a Jihar Kano, sun sauya yawan ruwan da ke isowa fadamun da lokacin isowarsa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta mamaye filaye, ta kuma zama mafakar tsuntsun jan baki mai cinye hatsi. Jama'a ta ƙaru, gona ta shiga inda daji yake. Duk da haka akwai abubuwa biyu da ke hannun 'yan farauta. Na farko cinna wa daji wuta don fito da nama, wanda ke ƙone abincin dabbobin makiyaya da kara da ƙananan itatuwa, yana kuma haddasa rikici da Fulani da manoma a kan zomon da bai kai kuɗin damin harawa ba. Na biyu bin barewa, wadda ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sanya irin ta wannan yanki cikin masu fuskantar barazana.

Ƙarancin nama ne ke tura wasu mafarautan Arewa tafiya mai nisa zuwa dazukan kudu, kuma tafiyar na da nata haɗarin a wannan zamani na zargin juna. A ƙarshen Maris 2025 wasu gungun mutane sun kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta 'yan Jihar Kano da ke komawa gida daga Jihar Ribas don bikin Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motarsu an zarge su da garkuwa da mutane.

Wasu ƙasashen sun raba gudun da kisan. A Ingila an shafe shekaru tun 1836 ana gasar Kofin Waterloo ta sakin karnuka a kan zomo, har dokar 2004 ta haramta hakan, aka yi ta ƙarshe a 2005. Masu irin waɗannan karnuka a Turai da Amurka yanzu suna tseren da ake jan tsumma ko leda da igiya a fili, ana karya kwana da ita kamar zomo, alƙalai na ba da maki. Ba ya buƙatar komai sai fili da igiya da abin naɗe ta, kuma jigawar arewacin Yobe ba ta rasa fili ba.

Lafiyar kare da ta mai shi

Zafi ne abokin gaba na farko. A Afrilu da Mayu zafin rana a yankin kan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, alhali zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin 38 da 39 ne, kuma ba ya yin gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Karen da ya fara tangaɗi, harshensa ya yi jawur, yawu na dalala, yana bakin mutuwa. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a ba shi ya sha kaɗan-kaɗan. A bazara fitar asuba ce kawai ta dace, kuma ruwan kare na cikin guzurin da ba a mantawa. Bayan an dawo akan duba tafin ƙafarsa saboda ƙarangiya da tsidau da ƙaya, a kuma cire kaska daga kunnuwa da tsakanin yatsu. Kububuwa na da yawa a irin wannan ƙasa, kuma karen da ke cusa hanci a rami shi ta fi sara.

Mafi girman haɗari shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizo ko yaƙushin kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya rayu. Karen farauta ya fi na gida shiga haɗarin, domin yana faɗa da dila yana kuma cuɗanya da karnukan garuruwa da yawa a rana ɗaya. Rigakafinsa allura ce da ake yi wa kwikwiyo daga wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta. Masana sun nuna cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura yana katse yaɗuwar cutar. Ta wannan fuska 'yan farauta sun fi kowa sauƙin samu, tunda suna da shugabanni da ranar taro, kuma karnukansu na yarda a riƙe su. Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya, 28 ga Satumba, ta faɗo daf da buɗewar daji.

Wanda kare ya ciza ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar don fara allurai, kada ya jira alama, kada kuma ya tsaya ga rubutu ko maganin gargajiya kaɗai. Cutar kan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci ƙasa da haka ko fiye, wannan jinkirin ne ke ruɗin mutane su zaci sun tsira. Idan karen sananne ne, a tsare shi a lura da shi kwana 10, amma lurar ba ta hana fara magani. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ita ce babban asibitin da ake tura marasa lafiya a yankin.

Akwai kuma wata cuta da ta shafi masu karnuka a garuruwan masunta musamman. An tabbatar wa Nijeriya da shaidar rabuwa da kurkunu a 2013, amma a maƙwabciyarta Chadi cutar ta ɓulla a jikin karnuka tun daga 2012, a ƙauyukan da ke gaɓar kogin Shari, kuma masu bincike suna danganta hakan da cin ɗanyen kayan cikin kifi da kwaɗi. A can ana umartar mutane su binne kayan cikin kifi, su kuma ɗaure karen da tsutsar ta fito masa don kada ya shiga ruwa. Nguru da Gashuwa garuruwan kifi ne da ke cikin kwari ɗaya da Tafkin Chadi, saboda haka duk wanda ya ga farar tsutsa mai kama da zare tana fitowa daga ƙafar karensa ya hana shi kusantar ruwa, ya sanar da ofishin lafiya na ƙaramar hukuma.